Matakala Ɗari da Arba'in

A cikin takalmin aikina na tsinci takardar,
an ninke ta huɗu, rubutun Herminia ne,
'yata, da ta yi wata bakwai ba ta ɗaga wayata ba.
Ba gaisuwa, ba sa hannu:
Talata, ƙarfe bakwai, bayan gidan burodin Eleuterio,
ƙofa mai shuɗin fenti. Shi ke nan.

Valparaiso gari ne da aka rataye a jikin tudu,
kowane gida na leƙen ƙeyar ɗan'uwansa.
Ni kuwa shekara ashirin ina gangara,
gangara ba ta tambayar ƙarfin gwiwa:
daga tashar jiragen ruwa zuwa kantin kan kwana,
kwalin jar giya mai arha, a rubuta, sai ran albashi.

Talatar farko na hau matakala sittin,
na tsuguna, wai igiyar takalmi ce ta kwance.
Wani kare mai ido ɗaya ya dube ni,
kallon wanda ya saba jin ƙarya.
Na juya.

Ta biyu na kai bakin ƙofa.
Na jiyo dariya a ciki. Dariya fa!
Na ce waɗannan ba irina ba ne,
mai ciwo irin nawa ina ya ga bakin dariya?
Na sayi burodi don kada a ce na zo a banza,
na ci a gaban teku, hannu na rawa,
har tsuntsaye suka fi ni samun rabo.

Ta uku aka yi ruwa.
Kada ku yabe ni, ba jarumta ba ce,
ruwa ne ya koro ni ciki.

Kujerun ƙarfe goma sha ɗaya, ɗaya ta karye a ƙafa,
an tokare ta da bulo.
Buta na tsaki a lungu.
Eulalia, tsohuwa mai sayar da kifi a bakin gaɓa,
ta miƙo mini shayi, ba ta tambayi sunana ba.
Rabin kofi ta zuba.
Sai daga baya na gane:
ta ga hannun, ba ta so ya zube in ji kunya.

Baltasar direban bas ya ce kwanansa tara.
Aka tafa.
Wani malamin lissafi ya ce shekara shida ya tara,
ran Asabar ya ɓarar da su a bikin ƙanwarsa,
yau kwanansa uku.
Aka tafa, daidai da na farko, ba ragi.
Nan wani abu ya tokare mini maƙogwaro,
kuma ba ƙishi ba ne.

Tun daga matakalar farko na tsara jawabi:
laifin kamfani, laifin matar da ta tafi, laifin sanyin Yuli.
Da zagaye ya zo kaina, duk suka watse.
Na ce, Remigio.
Na ce, walda nake yi, ƙarfe da ƙarfe nake haɗawa,
amma na kasa haɗa kwana biyu.
Ba wanda ya ce kash, ba wanda ya yi mini wa'azi,
kowa a nan ya san inda ɗakinsa ke yoyo.
Eulalia ta ce, bar biyun, kawo ɗayan,
mu ma da ɗaya muka zo.

Ba zan ce na warke ba.
Mai kantin kan kwana har yau yana ɗago mini hannu,
wata Juma'a kuwa na amsa masa,
na farka a kan benci, ba walat, ba takalmi ɗaya.
Ran Talata na shiga ina sunkuyar da kai,
na tarar ba wanda ya zauna mini a kujera.

Yau kwana hamsin da biyu.
Ni ke riga kowa zuwa in ɗora ruwan zafi.
Kujerar nan na saɓa ta a kafaɗa har wurin aiki,
yanzu da ƙafarta take tsaye.
Herminia ba ta kira ba tukuna.
Takardar na aljihuna, ta yi laushi kamar tsumma.

Ɗazu na wuce wani saurayi a matakala ta sittin,
ya tsuguna yana ɗaure takalmin da ke ɗaure.
Ban ce masa komai ba.
Na bar ƙofa a buɗe,
na zuba rabin kofi.